Maigida Ya Ce Zariya, Ni Kuma Zuciyata Tana Sakkwato

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 41, muna zaune a Agege da maigidana da yaranmu uku. Babbar tana ajin ƙarshe na sakandare, farkon shekara mai zuwa za ta cike JAMB. Mai bi mata namiji ne, shekararsa 13, autar kuma 8. Duk a Legas aka haife su, Hausarsu ta cakuɗe da Yarbanci da Turanci, Arewa kuwa sai dai su ji a bakinmu. Shekara biyu muna zubin adashi don mu kai su hutun mako guda a watan Disamba. Da kuɗi suka haɗu sai rigima ta tashi. Shi ya ce Zariya, don a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ya yi karatu, yana so yarinyar ta ga makarantar ta zaɓe ta. Ni na ce Sakkwato, ai can ma akwai Jami'ar Ɗanfodiyo, ita ma ta gani. Amma Anti akwai abin da ban faɗa masa ba. Mahaifina asalinsa ƙasar Sakkwato ne, tun ina ƙarama yake cewa wata rana zai kai ni Hubbaren Shehu, har Allah ya karɓi ransa bara bai kai ni ba. Ban taɓa taka garin ba. Kuɗin ba za su kai mu wuri biyu ba. Mako uku ke nan da an ɗauko zancen sai kowa ya ɗaure fuska, ya ce taurin kai gare ni, na ce son kai gare shi. Yaran ma sun fara cewa a fasa kawai. Don Allah wanne ya kamata mu zaɓa?

Uwar yara uku, Agege, Legas

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ba ki haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun zancen Hubbaren nan ne ya tsayar da ni, don a nan ciwon yake.

Ga amsata tun kafin dogon bayani. Wannan Disambar ku kai yaran Zariya. Sakkwato kuwa ki riƙe ta a matsayin tafiyarki ke da maigida, a sa mata wata tun yanzu, a ware mata wani abu kafin a taɓa ko kwabo daga kuɗin adashin. Na san ba abin da kika so ji ke nan ba, to ki ba ni aron hankalinki.

Mako uku kuna musu a kan abin da ba shi ne a ranki ba. Kin ce masa jami'a, shi kuma mutum ne da ya yi shekarun ƙuruciyarsa a Samaru, ya san kowane lungu na harabar nan. In dai a kan jami'a za a yi gardama, ba zai ga dalilin sauka ba har abada. A idonsa kin ɗauko makarantar da ba ki taɓa gani ba kina gwada ta da wadda ta mayar da shi mutum, dole ya kira wannan taurin kai. Da ya san alkawarin uba ne da mutuwa ta katse, ina kyautata zaton da tuni muryarsa ta sauya. Me ya hana ki faɗa? Wataƙila kunya, wataƙila tsoron kada ya ɗauki abin da sauƙi ciwon ya zama biyu. Mu mata mukan yi haka, mu naɗe abin da ya fi ci mana rai mu ɓoye, mu fito da wata hujja da muke ganin za ta fi karɓuwa, sannan mu ji haushi ba a gane ba. Amma miji bai san gaibu ba. Ki faɗa masa.

Sai maganar hanya, wadda ita ta fi nauyi a wurina, don rai biyar za ku ɗauka. Zariya tana bakin babban titin Kaduna zuwa Kano, kimanin kilomita 80 daga Kaduna, daga Kano kuma tafiyar kamar awa biyu. Hanyoyin shigarta da yawa. Kuna iya sauka da jirgin sama a Kaduna ko Kano, kuna iya zuwa Abuja ku hau jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa ku sauka a Rigasa, manyan motocin Legas zuwa Kano ma ta Kwangila suke wucewa. In wannan ta ƙi, akwai waccan. Sakkwato kuwa tana can ƙuryar arewa maso yamma. Daga Zariya kanta sai an ci kusan kilomita 400, ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, kuma ba sai na gaya miki halin da hanyar Zamfara take ciki da 'yan bindiga a shekarun nan ba. Ba zan ce wa uwa ta zuba 'ya'yanta uku a mota ta bi ta nan da sunan hutu ba. Abin da ya rage shi ne jirgin sama zuwa filin Sultan Abubakar III, kuma kujera biyar zuwa da dawowa daga Legas za su lashe adashinku kafin ku sha ruwan garin. Kujera biyu kuwa abu ne da mutum zai iya tarawa. Ga kuma hazon hunturu, wanda a Disamba da Janairu yakan sa a ɗage tashin jirage zuwa can. Mai hutun kwana bakwai da yara uku ba shi da kwana biyun da zai zubar a filin jirgi.

Kada ki ɗauka hanyar Zariya ba ta da nata. Titin Abuja zuwa Kaduna ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, jirgin ƙasan ma an kai masa hari a watan Maris na 2022. Don haka duk hanyar da kuka zaɓa ku yi ta da rana, kada magariba ta same ku a titi. A makon tafiyar maigida ya buga wa mutanensa da ke zaune a garin waya ya ji yadda ake ciki a lokacin, kuma ku bar zancen leƙa ƙauyukan wajen Giwa da Birnin Gwari.

To me yaran za su samu a Zariya? Kin ce burinku su san Arewa, kuma garin nan kamar an yi shi ne don irin wannan. Ku fara da cikin birni. Ku shiga ta Ƙofar Doka, a nuna musu ragowar ganuwa, a ba su labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku da ƙanwarta Zariya, wadda tarihin baka ya ce sunanta garin ya ci. Autarki za ta riƙe wannan labarin fiye da komai. Daga nan ƙofar fadar Sarkin Zazzau da zanenta mai launi, da dogarai cikin ja da kore. Kusa da fadar akwai Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. An kewaye shi da sabon gini daga baya, amma masu nazarin gine-gine daga ƙasashen duniya suna zuwa don bakan gizon da ya ɗaure a cikinsa. Yaron da ya tashi yana ganin gadar Third Mainland ya kamata ya san cewa kakanninsa ma sun ɗaga rufi mai tsawo da azara da ƙasa, ba ƙarfe ba siminti. In kun ratsa unguwannin birni za ku ga masu ɗinkin hannu zaune a ƙofar zaure suna yi wa babbar riga aska, ku ga manya da littattafai a gaban malami bayan sallar asuba ko la'asar. Karatun zaure ya girmi jami'a a garin nan da ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ake ce masa birnin ilimi tun kafin a kafa tubalin farko a Samaru.

Ga wani abu da zai sanyaya miki rai. Ko a Zariya ba ki rabu da Shehu ba. Malam Musa, wanda ya fara sarautar Zazzau bayan jihadi, daga hannun Shehu ya karɓo tuta, kuma Sarkin yanzu, Ahmed Nuhu Bamalli, da ya hau gado a 2020, daga gidansa na Mallawa ya fito. Jami'ar ma da maigidanki yake alfahari da ita sunan Sardauna take ɗauke da shi, ɗan Rabah, zuriyar Shehu ta wajen Sarkin Musulmi Bello. Ki faɗa wa yaran wannan a ƙofar fada, ki ce musu ƙasar kakansu ce ta ba da tutar.

A Tudun Wada ku tsaya a unguwar Gaskiya. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma yawancin littattafan Hausa da iyayenmu suka karanta a makaranta daga garin nan suka fito. Yaran da Hausarsu ta fara zamewa, ki saya musu littafi ɗaya ɗaya a can, su dawo da shi Legas. Kwalejin Barewa tana nan kusa, wadda ta yaye shugabannin ƙasar nan da dama. A Wusasa akwai cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa tun 1929, da Hausawa Kiristoci da suka yi zuriya a wurin. Yaran da suka girma cikin cakuɗin Legas zai amfane su su ga Arewa ma ba launi ɗaya ba ce. Dutsen Kufena yana bayan Wusasa, in za ku je ku je da safe tare da ɗan gari. Namijin naki kuwa, ki bar shi ya ɗaga kai ya ga ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kan garin. Tun 1964 take nan.

Samaru ku ba ta yini guda cur. An buɗe ABU a 1962, kuma gari ce a cikin gari: ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, sashen zane da sassaƙe-sassaƙensa a fili, cibiyar binciken noma, madatsar ruwan Kubanni. In yarinyar shari'a take so, Kongo za a kai ta. In likitanci ne, asibitin koyarwa yana Shika. Ku binciki kalandar makarantar kafin ku sa ranar tafiya, don yajin aikin malamai, musamman na wata takwas da aka yi a 2022, ya sa zangon karatun jami'o'i ba ya tafiya daidai da hutun sakandare. Harabar da ɗalibai ke ciki ita ce za ta nuna mata gaskiya: layin ruwa a ɗakin kwana, cunkoson aji, kuɗin abinci, yadda 'yan mata ke zirga-zirga da yamma. In aka tarar ba kowa, gini kawai za ta gani.

A nan ina da magana da maigida, ki karanta masa in kin ga dama. Malam, kai ka yi ABU, ita ba ta yi ba tukuna. A duk wasiƙar nan ban ji inda aka tambayi yarinyar abin da take so ta karanta ba, ballantana inda take so. Ka kai ta ta gani, ka amsa tambayoyinta, sannan ka ja bakinka. Ka haɗa ta da ɗaliba mace da ke sashen da take sha'awa su zauna su kaɗai na awa guda, abin da za ta ji a nan ya fi duk labarin zamaninka amfani a gare ta, don makarantar da ka bari ba ita ce ta yau ba. Ku kuma duba makin da kowace jami'a ke nema a kwas ɗin, da yadda jihar asalinku ke shiga lissafin gurbin karatu a jami'o'in tarayya. JAMB tana ba da damar zaɓar fiye da makaranta guda, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta baya ba ce. An kafa ta a 1975, aka sa mata sunan Shehu a 1988, tana da asibitin koyarwa, ta kuma yi suna da zaman lafiya da natsuwa. Akwai yaran da hayaniyar Samaru ke haɗiyewa, irinsu sukan fi samun kansu a wuri mai shiru kamar mazaunin dindindin na Ɗanfodiyo, can ƙetaren gulbin Rima.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurinki, ƙanwata. Na sha ganin magidanci ya kai iyali garin da ya yi karatu, da an sauka sai abokai su ɗauke shi, yau walima gobe zaman majalisa, mata da yara suna ɗakin masauki suna kallon talabijin har hutu ya ƙare. Ku yi yarjejeniya tun a Legas: dare ɗaya nasa ne da abokansa, sauran na iyali ne. Kuma ku kama masauki na kanku, a GRA ko wajen Samaru, daidai ƙarfinku. Mutum biyar mako guda a gidan aboki nauyi ne, ko da mai gidan ya rantse ba komai, matarsa ce za ta sha aikin. Ku je musu yini da tsarabar Legas, ya wadatar.

Yanzu bari in dawo kan Sakkwato, don ba na so ki ji kamar na ture ta gefe. Birnin Shehu wuri ne da ake zuwa da zuciya. Muhammadu Bello ne ya kafa shi mazauni a 1809, Shehu ya komo cikinsa a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare yau. Nana Asma'u tana kwance kusa da mahaifinta, ita da ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauye ƙauye suna karantar da mata, har yau kuma mata suna zuwa wurin daga nesa. Akwai fadar Sarkin Musulmi, akwai Masallacin Shehu da na Bello, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu da rubuce-rubucen hannu na malaman jihadi, akwai Giginya inda aka gwabza da Turawa a 1903. Ga aikin fata na jar akuyar Sakkwato, ga fura da nono, ga Hausar da za ki ji ana cewa "wanga" da "mi kaka so" ki tuna bakin Baba in yana waya da 'yan uwansa. Duk wannan na mai natsuwa ne, wanda ya san abin da ya kawo shi. Yarinya 'yar shekara takwas za ta gama da Hubbare cikin minti goma ta fara jan mayafinki tana neman ruwa. Ke kuwa ranar da kika tsaya a wurin za ki yi kuka, kuma kina da haƙƙin ki yi shi ba tare da kina lissafin wa ya ci abinci wa ya ɓace a cikin jama'a ba. Shi ya sa na ce ke da maigida, kwana uku.

Ku guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40. Nuwamba ta fi daɗi, damina ta ɗauke, sanyi ya fara saukowa, hazo bai yi kauri ba. Ku tsaya cikin gari. Wurno, inda kabarin Bello yake, da sauran garuruwan gabashin jihar, sai mutanen gari sun tabbatar muku hanya lafiya take a wannan makon. A Hubbare ki bi umarnin masu kula da wurin kan inda mata ke tsayawa, ki yi sallama ga mamata, ki yi musu addu'a, roƙonki kuma ki miƙa shi ga Allah shi kaɗai. Kuma kada ki ɗora wa kanki cewa Baba yana bin ki bashin wannan tafiyar. Shi ya yi niyya, Allah bai nufa ba, kuma addu'ar da kike yi masa daga ɗakinki a Agege tana isa gare shi yau ɗin nan. Abin da ya fi ziyarar kanta lada shi ne sada zumuncinsa. Tun yanzu ki fara neman dangin Baba: ƙanne, 'ya'yan 'yan uwa, ko tsohon abokin da ya san gidansu. Ki tambayi Mama ko baffanninki lambar waya. In kika sauka Sakkwato akwai wanda zai tarbe ki ya ce ga 'yar wane ta zo, tafiyar ta zama komawa gida. Daga baya, in hanya ta yi kyau, yaran ma sai a kai su suna da inda za su sauka.

Kayan tafiyar Disamba kuma kada ki raina sanyin Zariya. Yaran da suka saba da gumin Legas za su sha mamaki da asuba. Ki haɗa rigunan sanyi da safa, man kaɗanya don leɓe da ƙafa, in akwai mai asma a cikinsu maganinsa ya kasance a jakar hannunki da takunkumin rufe hanci saboda ƙura.

Maganar da maigida kuwa kada ki ɗauko ta a gaban yara, kada kuma ki fara da sunan wani gari. Ki bari sai dare ya yi, ya ci abinci ya huta, ki ce: "Abban yara, akwai abin da na ɓoye maka game da Sakkwato." Ki ba shi labarin Baba yadda kika ba ni. Sannan ki ce kin yarda a je Zariya, ki roƙe shi ya sa miki watan da zai kai ki Hubbare, ku cire kuɗin somin adashinta a daren nan ku ajiye daban. Da safe ku kira yaran ku biyun tare ku gaya musu ba a fasa ba.